Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mu 'ya'ya da jikokin Inna, na nan Garwa da waɗanda ke Marwa da Ngaundare, muna gode wa Allah, muna kuma sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa mako bakwai bayan karayar da ta samu a kwatangwalo, yanzu tana fitowa tsakar gida da ƙarfen dogarawa, ɗinkin tiyata ya rufe, sukarinta kuma ya zauna. Shekararta 71, tana fama da ciwon sukari shekara 14. Ba mu ambaci sunan kowa ba, don da yawanku kun ce saboda Allah kuka yi. Amma da yake cikinmu akwai masu aikin jinya, kuma gidaje da yawa suna da tsoho mai sukari, mun haɗa kowace godiya da dalilinta, ko wani zai amfana.

Farko maƙwabtanmu na Hausare da suka rugo da asuba. Ba ku tsayar da ita a gwada ko za ta taka ba, ba ku kuma ɗora ta kan moto, wato babur, ba. Idan tsoho ya faɗi ya kasa tashi, aka ga ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta kuma tafin ya juya waje, a ɗauka ƙashi ya karye har sai hoton radiyo, wato hoton ƙashi na asibiti, ya nuna akasin haka. Kun sa matashi tsakanin ƙafafunta, kun haɗa su da mayafi a gwiwa da idon sawu ba tare da matsewa ba, mutum huɗu suka ɗauke ta kan katako zuwa mota. Wadda ta tuna ta kwaso ledar magunguna da littafin asibiti, Allah ya yi mata albarka, domin tambayar farko da ake yi wa mai sukari ita ce wane magani yake sha, yaushe ya sha na ƙarshe, yaushe ya ci abinci.

Godiya ta musamman ga dattijon mai ɗori da wasu dangi suka kira. Ya duba, ya ce wannan ba nasa ba ne, a tafi asibiti. Da ya karɓa don kunyar jama'a, da yau wani labari muke bayarwa. Karayar a wuyan ƙashin cinya take, can ƙarƙashin tsoka inda kara da tsumma ba sa kaiwa. Jijiyoyin jini da ke ciyar da kan ƙashin ta wuyan nan suke bi, idan ya karye ya goce sukan yanke, sai kan ƙashin ya mutu a hankali ko da an yi wata uku a kwance. Sannan ƙafar mai sukari takan rasa ji. Ɗaurin da ya matse ba za ta ji zafinsa ba har sai ya ci fata, kuma gyambon da ya fara a irin wannan ƙafa shi ne ke kai wasu ga yankewa. Ɗori yana da wurinsa, amma ba a kwatangwalon tsohuwa mai sukari ba, kuma mai sana'ar da kansa ya faɗa a gaban mutane.

Ga likitan ƙashi da mai allurar barci da ma'aikatan ɗakin tiyata, ba mu da bakin godiya. Da aka kai ta, sukarinta ya haura giram 3.00 cikin litar jini, alhali ba ta ci komai ba tun dare. Wannan yana ba mutane mamaki, amma haka jiki yake: zafi da firgici suna sa hanta ta zubo sukari cikin jini. An dakatar da ƙwayoyinta, metfomin saboda ƙoda a lokacin tiyata da ƙarancin ruwa a jiki, gilibenkilamid kuma saboda yana faɗar da sukarin wanda ba ya cin abinci. Aka koma allurar insulin da awo a kai a kai, ana neman a riƙe ta tsakanin 1.40 da 1.80. Ba a jira sukari ya zama na mai lafiya ba kafin a shiga da ita, kuma daidai ke nan, domin tiyatar irin wannan karaya an fi so a yi ta cikin kwana biyu. Kowace rana ta ƙarin kwanciya tana buɗe ƙofa ga ciwon huhu, gudan jini da gyambon baya. A rana ta biyu aka yi mata allurar gadon baya mai kashe jin zafi, aka cire kan ƙashin da ya karye aka sa na ƙarfe. Samari biyun da suka ba da jini ba tare da sun san ta ba, Allah ya ƙara muku lafiya.

A lura da lambobin nan. Asibitocinmu na Kamaru da giram cikin lita suke rubutawa, wasu injinan awo na gida kuma suna nuna 140 a maimakon 1.40, wasu ma 7.8. Duk abu ɗaya ne. Mai jinya ya san wane ma'auni injinsa ke bi kafin ya kira likita ya faɗi lamba.

Ma'aikaciyar da ke aikin dare ranar uku ta ga Inna tana gumi, hannu yana rawa, tana magana ba kan gado, sai ta fara da awo kafin komai: 0.58. Ashe Inna ta ƙi cin tuwon dare bayan an riga an yi mata allurar insulin. Duk abin da ya gaza 0.70 faɗuwa ce. Idan mutum yana iya haɗiya, a jiƙa masa sukari ƙwaya uku cikin rabin kofin ruwa, a sake awo bayan minti 15, in bai tashi ba a maimaita, sannan a bi da abinci. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a nemo ma'aikaci. Ruɗewar tsoho bayan tiyata ba aljanu ba ne kuma ba taɓin hankali ba ne. A duba sukari, zazzaɓi, fitsari, ƙishirwa da maganin da aka ba shi.

Mai farmasi na unguwa ya mayar da ɗan aikenmu hannu wofi ranar da wani mai kyakkyawar niyya ya aike shi sayo diklofenak, kuma muna gode masa a kan haka. Zafin karaya ba wasa ba ne, kuma wanda zafi ya hana shi motsi ba zai warke ba, don haka dole a yi maganinsa. Amma diklofenak da ibufurofen suna cutar da ƙodar da sukari ya riga ya raunana, suna iya fasa gyambon ciki, ga kuma allurar tsinka jini da ake mata kullum. Abin da aka tsayar mata shi ne farasitamol giram 1 sau uku a rana, a kan lokaci, ba sai zafi ya taso ba, kuma a daidaita ɗaya ya faɗo kamar rabin awa kafin motsa jiki. Taramol ta sha shi kwanaki kaɗan da rubutun likita, aka daina, saboda yana kawo jiri da taurin bayan gida, yana kuma iya faɗar da sukari. Mafi haɗari su ne ƙullin ƙwayoyi na masu talla da ake cewa na ciwon jiki. Sau da yawa akwai deksametazon a ciki: mutum ya ji daɗi kwana biyu, sukari ya yi sama, ciwo ya ƙi rufewa.

Surukai da ƙannen Inna da suka raba dare da rana, ku kuka ɗauki aikin da ba a gani. Juya ta duk awa biyu, a duba ƙasan baya, gefen ƙugu da dunduniya. Matashi ƙarƙashin sharaɓa yadda dunduniya ba za ta taɓa katifa ba. Zanen gado a miƙe, a bushe, kuma kada fata ta kwanta kai tsaye kan leda, musamman a zafin Garwa na Maris da Afrilu da kan wuce digiri 40. Wurin da ya yi ja ko ya yi duhu, aka ɗauke masa nauyi rabin awa bai koma daidai ba, gyambo ne yake shirin fitowa. Ba a murza shi, sai a hana kwanciya a kansa. Ko ƙwarzane ɗaya Inna ba ta samu ba, kuma aikinku ne.

Kine ɗin, wato ma'aikacin motsa gaɓoɓi, da ya tsayar da ita washegarin tiyata ya sha harara daga wasunmu, yau muna ba shi haƙuri da godiya. Ƙarfen da aka sa an yi shi ne don a taka. Ƙafar da ba ta motsi jini yana daskarewa a cikinta, shi ya sa ake allura a fatar ciki kullum har kusan mako biyar, ana kuma sa ta motsa idon sawu sama da ƙasa sau goma duk awa idan tana farke. Kumburin sharaɓa ɗaya da zafi, ko numfashi ya riƙa yankewa, asibiti ne nan take. Ya kafa mata doka uku na watannin farko: kada gwiwa ta fi ƙugu tsawo idan ta zauna, kada ta harɗe ƙafa, kada ta juya tafin ƙafa ciki, don kada ƙarfen ya fita daga gurbinsa. A gidajenmu wannan na nufin babu tabarma, babu kujerar tsuguno, babu tsugunawa a masai, babu sunkuyawa ɗaukar buta. Kafintan da ya ƙara wa gado ƙafa har ya kai santimita 50, ya kuma huda kujera mai hannu aka sa bokiti ƙarƙashi, da mai waldan da ya kafa ƙarfen riƙewa a bangon banɗaki bai karɓi ko dala ba, Allah ya sa albarka a sana'arku. Nan gaba idan ta koma sanda, a hannun ɓangaren mai lafiya za ta riƙe ta. Wurin hawa dakali ƙafa mai lafiya ke fara hawa, wurin sauka mai ciwo ke fara sauka.

Malam Liman, maganarka ta yi mata abin da tamu ba ta yi ba. Ta damu ƙwarai da rashin sujada, har tana neman sauka ƙasa a ɓoye. Da ka tunatar da ita cewa wanda bai iya tsayuwa ba ya yi a zaune, wanda bai iya zama ba ya yi a kan gefensa, sai hankalinta ya kwanta, tana sallarta a kujera da nuni. Bayan alwala ana tsane mata tsakanin yatsun ƙafa, a duba tafin da kyau, tunda yanzu ba ta iya sunkuyawa ta gani da kanta. Ruwan ɗumi kuma da gwiwar hannun mai jinya ake gwada shi, ba da ƙafarta ba.

Masu zuwa dubiya da kwano a hannu, mun gode, mun kuma gode da kuka fahimce mu lokacin da muka ajiye lemon kwalba, makala, kunu mai sukari da dabino a gefe. Sukarin da ya yi yawa yana kashe ƙarfin ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta, ɗinki ya yi ta ruwa. Amma a ɗaya gefen, hana mara lafiya abinci don tsoron sukari kuskure ne babba, nama da ƙashi ba sa haɗewa da yunwa. Abin da ya yi mata daidai shi ne tuwon dawa kamar dunƙulen hannunta da miyar kuka, kuɓewa ko yakuwa mai yawa, kifin Lagdo ko ƙwai biyu ko wake a kowane ci, kindirmo ba sukari, 'yar gyaɗa tsakanin abinci, da ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu. Awo da safe kafin karin kumallo da kafin kowace allura, a rubuta a littafi da lokacin. Littafin nan shi ya nuna mana ciwon fitsari a mako na uku, don sukari ya tashi kwana biyu a jere ba tare da an canza abinci ba. Haka ma ɗinki idan ya fara ɗaukar cuta, sau da yawa sukari ke fara tashi kafin a ga ja, kumburi, mugunya ko zazzaɓin 38.

Maƙwabcin da ya ba mu wuri a firjinsa mai aiki da hasken rana ya rufa mana asiri a ranakun ɗauke wuta. Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma idan ya ƙanƙare ya lalace, a zubar. Wanda aka buɗe yana yin kusan mako huɗu idan zafi bai wuce 30 ba, abin da ɗakunanmu ba sa iyawa a bazara. Inda babu firji, a sa kwalbar cikin ƙaramin gwangwani mai murfi, a binne shi cikin jiƙaƙƙen yashi a tukunyar ƙasa, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa, a riƙa yayyafa ruwa. A rubuta ranar buɗewa a jikin kwalbar.

Likita ya kuma sa mun duba abin da ya kayar da ita, don wanda ya karye sau ɗaya ya fi kusa da karyewa na biyu. Ta fita alwalar asuba cikin duhu, da silifa mai santsi, ga tafin ƙafa da ba ya jin ƙasa sosai, ga yanar ido da ta fara. Yanzu akwai fitila mai caji a bakin gado da hanyar banɗaki, takalmi mai rufe dunduniya, an ɗauke dardumar bakin ƙofa, an kuma ba ta ranar ganin likitan ido da maganin ƙarfafa ƙashi.

Matan adashi da suka ba da ɗauka ba a kan layi ba, 'yan kasuwa abokan marigayi Baba, dangi na Jamena da Yola da suka turo kuɗi ta waya, da waɗanda addu'a kaɗai suka iya: Allah ya saka da alheri, ya ba marasa lafiyarku sauƙi, ya jiƙan iyayenku. Mai son zuwa dubiya ya zo bayan la'asar, don da hantsi take motsa jiki. Katifar jinya da kujerar bayan gida da ƙarfen dogarawa, idan ta gama da su za mu kai wurin Malam Liman, gidan da ya buƙata ya je ya ara.