Asabar, Goggo da maganar Zakka

An kawo wuta tun asuba, na goge kayan makarantar yara kaf har da na coci kafin a ɗauke. Koko da ƙosai. Auta ya cinye nasa ya koma kan na yayarsa, aka ɗan yi kuka. Ranar dai ta fara da daɗi, har waƙa nake yi ina shara.

Wajen ƙarfe goma Yaya ya kira daga asibiti. Jikin Baffa da sauƙi, har ya sha kunu. Sannan ya ce daren jiya Baffa da bakinsa ya sa aka kira masa Fasto, ya yi kuka, ya tuba, ya karɓi Yesu. Baffa fa! Mutumin da rabonsa da coci tun ɗaurin auren Yaya, ranar ma a bakin ƙofa ya tsaya. Na rangaɗa guɗa ni kaɗai, na ja gyale na nufi gidan Goggo, ina lissafin goron albishir.

Na tarar tana tsince wake. Ta bar ni har na kai aya, ko kai ba ta ɗaga ba. Sai ta ce, "To madalla. Gonar fa?"

Kun san zancen gonar. Ta gado ce, Baffa ya sayar ba da sanin Goggo ba, kuɗin suka ƙare a gidan burkutu, ita kuwa ta shiga ƙwadago a gonakin mutane da marayu a hannu.

Na ce, "Haba Goggo, ai ceto ba ladan aiki ba ne. Afisawa 2 ta faɗa, alheri ne, kyautar Allah ce, don kada wani ya yi fahariya. Ɓarawon nan da aka gicciye kusa da Ubangiji, me ya mayar wa masu kaya? Roƙo kawai ya yi a tuna da shi, aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar."

"Ke 'yar nan, ni za ki koya wa Littafi? Ina Zumuntar Mata tun ba a yaye ki ba. Wancan hannuwansa a kafe suke da ƙusa, da me zai mayar? Baffanki hannunsa a sake yake, ba ke kika ce har kunu ya sha ba? Ɗauko min Zakka."

Na zaro Littafi Mai Tsarki nata daga ƙarƙashin matashi, tsohon nan da bangonsa ya ɓalle. Fassarar 1932 ce ta su Likita Mila, har gobe ba ta yarda da sabuwar ba, wai an tsinka mata Hausa. Luka 19. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, gajere, mai kuɗi, ya hau bishiya don ya hango Yesu. A aya ta 8 ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa ta matalauta ce, duk wanda ya cuta kuma zai mayar masa riɓi huɗu. A ta 9 Yesu ya ce yau ceto ya zo gidan nan.

Goggo ta ɗora yatsa a wurin. "Takwas ce kafin tara. Ni ban ce riɓi huɗu ba. Ban ma ce ɗaya ba, na san ba shi da shi. Ya buɗe baki ya ce ya cuce ni."

Na ce aya ta biyar ma ai kafin takwas take. Tun Zakka yana kan bishiya, bai yi alkawarin ko sisi ba, Yesu ya kira sunansa ya ce ya sauko, a gidansa zai sauka. Karɓarsa aka fara yi, biyan ya biyo baya. Mutanen gari ne suka yi ta gunaguni a aya ta 7, wai ya sauka a gidan mai zunubi.

"Wato ni ce mutanen gari."

Ban ce uffan ba. Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Tun da na dawo abin yake cin raina. Abin da na faɗa mata ban janye ko kalma ɗaya ba. In da sai an biya ake samun ceto, da ni ma ba ni da rabo, ita ma haka, duk da shekarunta na sharar coci da ziyarar marasa lafiya. Amma mukan faɗi "kyauta ne" da sauri, musamman mu da ba gonarmu aka sayar ba. Bashin da ke tsakanin Baffa da Allah, Almasihu ya ɗauke a kan gicciye, wannan na gaskata. Na tsakaninsa da 'yar'uwarsa fa, har yanzu a bayanta yake. Ubangijin da ya karɓi ɓarawo shi ne kuma ya ce a Matiyu 5, in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon a gaban bagade ka je ku shirya tukuna. Gobe na san za a sanar a coci, a tafa, a kaɗa tulu, Goggo tana zaune a layin gaba da ɗankwalin Zumunta. Wa zai tambaye ta?

Abin da ya fi damuna ma, ita ce fa take sa sunansa a addu'ar Zumunta tun ina yarinya. An amsa mata, ga shi amsar ta zo ba yadda ta zata ba.

Da zan fito ta ce, "Ki ce wa yayanki su daina sa masa gishiri a abinci, ba ya ji ne." Ba ta ce a gaishe shi ba.

Na tura wa Fasto saƙo, ko zai yarda mu koma wurin Baffa ranar Litinin a yi masa zancen Goggo tun yana iya magana. Ya karanta, bai amsa ba tukuna. Maigida ya ce in fita sabgar manya. Gawayi ya ƙare, tuwon dare sai da itace.