Kwalbar da na mayar yau

Yau da la'asar na sayo wa autarmu maganin zazzaɓi a wani kyamis na unguwa. Har na zuba a cokali, sai uwarta ta ce, "Malam, dakata, takardar nan kamar an liƙa wata a kan wata." Ta sa farce ta ɓare. Kwanan watan da ke ƙasa ya wuce da wata bakwai. Ga cokali a hannuna, ga yarinya ta buɗe baki tana jira. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi.

Da na mayar, yaron shagon ya ce haka aka kawo musu daga kasuwa, ya miƙo min kuɗina. Ban yi masa faɗa ba, don ba shi gwamnati ke biyan albashi ya zagaya shaguna yana duba magani ba. Sai My Pikin ya faɗo min a rai, maganin haƙoran jarirai da ya kashe yara 84 a Najeriya tsakanin 2008 da 2009. Shi ma sai da aka fara binne yara kafin a kwashe shi. Na baro irin kwalbar nan guda biyar a jere a kan kanta, kuma har yanzu ina tunanin gidajen da za su shiga daren nan.