Wa ka roƙa ya hana ka?

Shekarata ta farko a aikin jinya na yi ta a sashen yara na wani asibiti a Tawa. Duk wanda ya yi damina a nan ya san ƙarshen watan Agusta: hatsi bai nuna ba, rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, gado guda yara biyu. Masassarar cizon sauro tana cinye jini, yaron da tamowa ta riga ta taɓa kuwa ba shi da na ajiya. Ka ja ƙasan idonsa ka gan shi fari fat. Awon jinin yaro lafiyayye yakan kai 11. In ya faɗi ƙasa da 5, sai an yi ƙari. Tun 2006 aka ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, amma jini ba a farmasi ake samunsa ba, sai wani ya miƙa hannunsa.

Abin da na tarar shi ne dangi su kawo mai bayarwa. A Adar wannan magana tana da nauyi, don gidaje da yawa maigidan yana Abijan ko Libiya wurin bida. Mace ce ke zuwa da goyonta, wani lokaci tsohuwa ta rako ta.

Wata rana aka kawo yarinya 'yar shekara 2 daga wajen Kalfu, awonta 4, firji kuma babu irin jininta. Uwar ta ce a ɗibi nata, amma tana shayar da jariri, ga rama, ba dama. Na tambayi mijinta, ta ce yana Abijan. Ƙannensa fa? Suna gona. Gajiya ta sa na ce mata: "Haka kuke kullum, sai yaro ya galabaita ku kwaso shi, jini kuma ba mai bayarwa." Ba ta tanka ba, ta dai gyara wa yarinyar zane. Har yau shirun nan yana damuna.

Majo, wato babban ma'aikacin jinya na sashenmu, ya ji ni. Dattijo ne da ya kusa ritaya, bai kuma yi mini faɗa gaban mutane ba. Sai da muka keɓe ya ce: "Ɗana, wa ka roƙa ya hana ka?" Na rasa amsa. Gaskiya ban roƙi kowa ba, na dai yanke wa mutane hukunci tun daga makaranta cewa jahilci ke hana su.

Da aka kira La'asar ya ja ni masallacin bakin ƙofa. Bayan sallama ya nemi izinin liman ya miƙe. Bai yi wa'azi ba, bayani ya yi. Ledar da ake ɗibar jini a ciki ba ta kai rabin lita ba, jikin babban mutum kuwa yana ɗauke da wajen lita 5, kuma yana mayar da abin da aka ɗiba. Ba a ɗibar wanda bai kai kilo 50 ba ko marar lafiya. Za a auna jinin tukuna, sakamakon kuma tsakaninka da likita ne. Wani tsoho ya ce: "Majo, an ce sayarwa kuke yi." Na zaci zai fusata. Sai ya ce: "Baba, taso ka ga yarinyar da idonka." Wani ya ce yana tsakiyar noma, ƙarfinsa ne abincin gidansa. Nan na gane tsoron nasu yana da tushe: mutumin da bai ƙoshi ba, hauya na jiransa da asuba, dole ya yi lissafi. Liman ya karanto ayar nan ta Ma'ida a kan wanda ya raya rai guda, ya yi shiru.

Mutum huɗu suka biyo mu. Ni ne na biyar, don a cikin sahun nan na tuna ni mai gorin ban taɓa ba da ko ɗigo ba.

Wanda jininsa ya dace wani saurayi ne ɗan kabu-kabu. Tsoron allura gare shi sosai, gumi ya jiƙa masa riga, ya kau da kai yana ta salati har ledar ta cika. An ce ya huta, don haka ya rasa cinikin yammacin nan gaba ɗaya. Da uwar ta kwance bakin zane ta miƙa masa jikka guda, ya ja da baya ya ce: "Haba Yaya, ni don Allah na yi. Ki saya mata kunu."

Kwana uku bayan haka yarinyar ta zauna da kanta tana kukan abinci. Na je na ba uwar haƙuri, ta ce ba ta riƙe ni ba, Allah ya yi mini albarka.

Tun daga lokacin ina da ɗan littafi a aljihun rigar aiki, na sunayen waɗanda suka yarda a kira su, da irin jinin kowa. Akwai mahauta, akwai 'yan makaranta, akwai ladan. Sunan farko na saurayin nan ne. In wata uku suka cika shi yake fara kirana, kuma har yanzu yakan kau da kai in ya ga allura.