Mujalla a tsakanin jakunkunan fata

Shagona ƙarami ne, idan mutum huɗu suka shigo to na biyar sai dai ya jira a bakin ƙofa. Yana wajen Nasarawa a nan Kano, kuma duk abin da ke ciki aikin hannu ne: jakunkuna da alabe da tum-tum daga wurin dukawa, zannuwan rini daga Ƙofar Mata, faifai da mafici, ƙwarya mai zane, akushi, tasoshin tagulla na Bida, da 'yan kayan azurfa da wani Buzu ke kawo mini daga Agadas idan hanya ta yi kyau. Mahaifina baduku ne, a Kasuwar Kurmi ya zauna har ƙarfinsa ya ƙare. Ni dai basilla ba ta karɓe ni ba, shi ya sa na koma sayar da abin da wasu suka ɗinka.

A zamanin Baba, Bature ne babban mai sayen irin wannan kaya. Ya zo kallon hawan sallah, ya shiga Gidan Makama, a kai shi karofi ya ɗauki hoto, ya biyo ta Kurmi ya cika jaka. Tun daga harin da aka kai Kano a watan Janairu na 2012 wannan ciniki ya ja baya, kuma har yau bai koma yadda yake ba. Yanzu masu shigo mini 'yan gida ne: mai tafiya ƙasar waje da ke neman tsarabar da za a gane daga Kano ta fito, uwar amarya da ke son faifai da ƙwarya a cikin kayan jere, 'yan bautar ƙasa da za su koma kudu, ma'aikatan ofis da za su yi wa maigidansu kyautar ban kwana. Mutumin gida kuwa ya fi Bature wuyar sha'ani. Ya san kakarsa tana da irin wannan faifan a rataye, don haka a ganinsa bai kamata ya yi tsada ba.

Wata rana da la'asar wasu samari biyu suka shigo, ɗaya rungume da kwali. Ɗayansu ya karanta zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ɗayan mai ɗaukar hoto ne. Suka ce suna buga 'yar mujalla kan zane da sana'o'in hannu, sau huɗu a shekara, suna neman inda za su ajiye ta. Na ce, samari, ai nan ba wurin sayar da jarida ba ne. Mai hoton ya ce, "Alhaji, masu jaridar ne suka ƙi karɓa." Ban yi mamaki ba. Mai sayar da jarida yana son abin da zai fita kafin azahar. Abin da zai yi wata uku yana shan rana da ƙura a kan tebur, ga tsada, ba kayansa ba ne.

Muka yi yarjejeniya irin ta amana: su bar mini kwafi goma, abin da na sayar in cire kasona in ba su saura, abin da ya rage su zo su kwashe. Ban sa ko kwabo ba, shi ya sa na yarda. Na ɗora su a gefen teburin da nake karɓar kuɗi, na manta da su.

Ribar mujallar ita kanta ba ta taka kara ta karya ba. Kason da nake samu a kwafi goma bai kai ribar jaka biyu ba. Amfaninta ta wata hanya daban ya ɓullo.

Wata Hajiya ta zo sayen zanen rini. Na faɗi kuɗi, ta taya rabi, ta ce a Kantin Kwari za ta sami shuɗin yadi da bai kai haka ba. Gaskiyarta ce, za ta samu. A da sai in fara dogon bayani, mai saye yana kallona yana cewa a ransa bakin ɗan kasuwa ne. Ran nan yarona yana neman canji, sai ta ja mujallar tana buɗawa, ta faɗa kan shafin marina. Ga hoton marini zaune a bakin rami, hannunsa ya rine har gwiwa. An yi bayanin yadda ake haɗa baba da toka da katsi a cikin ramin a bar shi kwanaki ya nuna, yadda ake tsoma zane a ɗago shi ya sha iska a sake tsomawa, sau da yawa, domin iskar ce ke mayar da shi shuɗi. An nuna matan da ke ƙulle zanen da zare a cikin gidajensu kafin a kai shi karofi, da mabuga da ke dukansa a kan gungume har ya yi sheƙi. Ta karanta a tsaye. Da ta gama sai ta ce, "Ashe duk wannan ɗaurin da hannu ake yi?" Ta ƙara a kan tayinta, ba ta kai kuɗin da na faɗa ba, amma mun daidaita, kuma ta haɗa da mujallar.

Daga ranar na daina ɓoye ta a gefe. Na sa kafinta ya yi mini ɗan kanta a tsakiyar jakunkuna, kwafi ɗaya a buɗe don mai son dubawa, sauran a cikin leda. Ledar dole ce. Hunturu guda ya isa ya mayar da farin bango ruwan ƙasa, kuma wanda ya gama taɓa jan fata ya taɓa takarda, sai karan dafi ya bar masa shaida.

Akwai fitowar da aka yi rubutu kan Ladi Kwali. Na sha kallon mutane suna ciro naira ashirin daga aljihu suna juya bayanta, suna kwatanta da hoton da ke shafin. Shekara da shekaru suna kashe takardar nan ba su san matar da ke jiki Bagwariya ce maginiyar tukwane daga garin Kwali ba, wadda ta shiga makarantar ginin tukwane ta wani Bature mai suna Michael Cardew a 1954, a garin da ake kira Suleja yanzu. A watan nan sai da na nemo tulu da kasko na ajiye, abin da ban taɓa sayarwa ba saboda tsoron fashewa.

Amma ba kullum take yi mini daɗi ba. Akwai wani dattijon baduku, abokin mahaifina, wanda shi ke ɗinka mini tum-tum mafi kyau. Ni na kai samarin wurinsa. Suka yi masa shafi huɗu, suka nuna fatar jar akuya tun daga majema, inda ake jiƙa ta da bagaruwa, har zuwa hannunsa. Sai kuma suka rubuta unguwarsa da lambar wayar ɗansa a ƙasa. Cikin 'yan makonni mutum biyu daga cikin manyan masu sayen kayana suka daina zuwa, suka koma saye kai tsaye. Wato da hannuna nake sayar da takardar da ke nuna wa mutane hanyar da za su kewaye ni.

Raina ya ɓaci, har na ce samarin su zo su kwashe kayansu. Na je wurin dattijon da niyyar ƙorafi. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ɗana, shekara nawa ina ɗinki, wa ya taɓa sanin sunana? Ko mahaifinka, jakarsa ta je ƙasashe, sunansa bai wuce Kurmi ba." Ban sami abin cewa ba. Ban daina jin zafin cinikin da na rasa ba, kuma har yanzu ina ganin ya kamata a ce samarin sun shawarce ni tukuna. Amma tun daga lokacin nake maƙala 'yar takarda a jikin kowane kaya, da sunan wanda ya yi shi da unguwarsa. Ɗaya daga cikin masu sayen nan biyu ya dawo, domin dattijo ba ya da POS, ba ya naɗe kaya a kwali, kuma idan ya ce maka Juma'a to ka ƙara masa wata Juma'ar.

Ita ma mujallar tana fama. Bayan an cire tallafin mai aka saki naira a 2023, kuɗin takarda da na ɗab'i suka tashi, fitowa huɗu ta koma biyu, shafuka suka ragu. Akwai masu saye uku ko huɗu da ke kirana suna tambaya ko ta iso, kuma duk wanda ya zo karɓa da wuya ya fita bai ɗauki ko ludayi ba. Yanzu kwafi biyar na farko biya nake yi nan take, ba na jira sai na sayar, don samarin su sami na kai wa maɗaba'a.

Ƙorafina da ya rage shi ne harshe. Kusan duk da Turanci suke rubutu, alhali waɗanda hotunansu suka cika shafukan, marina da dukawa da masassaƙa, yawancinsu ajami suka iya ko Hausar boko. Shafi huɗun dattijon nan ni na zauna a kan buzu a rumfarsa na fassara masa layi-layi. Ya tsayar da ni a wuri biyu, ya ce sun yi kuskure: sun kira kuloko jan rini alhali baƙi ne, kuma sun ba shi shekarun da bai kai ba. Na kai musu gyaran, na ce ga abin da ke faruwa idan mai sana'a bai iya karanta abin da aka rubuta a kansa ba. A fitowar da ta biyo baya suka saka shafi biyu da Hausa. Na ce su mayar da shi huɗu, in sayi tallan rabin shafi. Sun ce za su yi shawara, kwalin na gaba kuma sai bayan babbar sallah.