Babban Goge a Birnin Shehu

A makarantar kiɗa ta MUSON da ke Legas na koyi kaɗa dabul bas, kuma da na dawo da shi gida Sakkwato, mutanen unguwarmu ba su wahalar da harshensu ba, suka raɗa masa babban goge. Sunan ya dace, domin da izgar doki ake goga shi kamar goge da kukuma, sai dai shi tsirkiya huɗu gare shi, tsayinsa ya kai mita 1.8, ga murya mai kauri wadda mutum yake ji har cikin ƙirjinsa. Ɗan kabu-kabu ba ya ɗaukarsa, ko a Keke Napep ma sai wuyansa ya leƙo waje.

Hunturun farko ne ya koya mini abin da ban koya a aji ba. Katakon da ya saba da danshin Legas ya bushe, wata rana da tsakar dare na ji ƙara kamar an karya kara, da na haska fitila sai ga tsaga ta kusan taƙi guda a cikinsa. Da na tashi kai shi gyara kuma na sassauta tsirkiya huɗun gaba ɗaya, ɗan guntun katakon da ke tsaye a cikinsa yana tokare gaba da baya, wanda matsin tsirkiya kaɗai yake riƙe da shi, ya faɗi. Tun daga nan soso mai lema ba ya rabuwa da jakarsa daga Nuwamba zuwa Maris. Ƙaron da ake shafa wa izga kuwa, a zafin Afrilu da ke haura digiri 40 narkewa yake yi kamar man shanu, don haka a gindin randa nake ajiye shi.

Koyarwa ce take ciyar da ni, domin kiran wasa sai jefi-jefi. Akasarin ɗalibaina mawaƙan coci ne da 'yan badujala. Iyaye Hausawa suna ɗari-ɗari, saboda goge a wurinsu kayan bori ne da gidan rawa, kuma ban ga laifinsu ba, na dai daina gardama. Tsarin Simandl, wani tsohon malamin dabul bas, nake bi, wato manuniya, ɗan tsakiya da ƙaramin yatsa su ne masu danna tsirkiya, kuma ɗalibi yakan sha bororo kafin yatsunsa su yi kanta.

Na daɗe ina manna wa ɗalibai alama a wuyan kayan don su san inda za su danna, har ranar da wani tsohon mai goge ya zo kallo. Ya daɗe yana duban alamomin, sannan ya ce, "Ɗana, wanga yaro da ido zai yi kiɗi ko da kunne?" Na ce, "Baba, da kunne." Washegari na ɓamɓare su, na sa kowane ɗalibi ya fara rera sautin da bakinsa kafin ya neme shi da yatsa.