Wutsiyar kalma a titunan Roma

Daga filin jirgin Fiumicino na hau jirgin ƙasa, cikin minti 32 sai ga ni a tashar Termini, inda ɗan yayata da ke karatu a birnin yake jirana. Na ce masa ai ko ba a faɗa ba sunan tashar na nufin ƙarshen hanya, kamar terminus a Turanci. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ka faɗa ramin da kowa ke faɗawa." Ya nuna min wasu kangwaye na jan bulo a tsallaken fili, wurin wankan da ke ɗauke da sunan sarki Diocletian. Wai daga thermae, wato gidan wanka na ruwan zafi a Latinanci, harshen tsoffin Romawa, sunan ya fito. Tun ban ajiye jaka ba an kayar da ni.

Washegari ƙasa na riƙa kallo. A kan murfin kwata, a jikin famfon titi, ko'ina haruffa huɗu ne: SPQR. Yaron ya warware min su, Senatus Populusque Romanus, Majalisa da jama'ar Roma. Na ce to ina "da" ɗin? Ya sa yatsa a kan que da ke maƙale a bayan populus. Mu gaba muke sa ta, su kuma a wutsiya suke ɗaura ta. Shi kuwa senatus daga senex yake, tsoho. Ashe wanda ya fara cewa Majalisar Dattawa bai yi kuskure ba, ko da yake na san sanatocin da furfura ba ta kai gare su ba tukuna.

A gaban Pantheon, wani tsohon ɗakin bauta na Romawa, na fi daɗewa. Rubutun goshin ginin gajere ne: M AGRIPPA L F COS TERTIVM FECIT. Ma'anarsa Marcus Agrippa ɗan Lucius, karo na uku yana riƙe da muƙamin consul, wani babban muƙamin mulki a tsohuwar Roma, shi ya yi wannan. L F ɗin nan Luci filius ne. Sunan mutumin Lucius, amma da za a ce ɗansa sai wutsiyar ta sauya ya koma Luci, aikin da "n" ke yi mana a "ɗan Audu". Haka fecit: "t" na ƙarshe ya wadatar a gane mutum guda ake nufi, ba ni ba, ba kai ba. Da ni na yi, feci zan ce. Abin dariyar shi ne ginin Agrippa ya ƙone, wannan na zamanin sarki Hadrian ne, wajen shekara ta 125, amma ya bar sunan mai ginin farko.

Da yamma muka shiga shan shayi. Da na zo biya mai kantin ta ce, "Carta?" Na tsaya sororo har yaron ya ce katin banki take nufi. Ya ƙara da cewa carta ɗin dai ita ce takarda a Italiyanci, daga charta ta Latinanci, wadda ta ratsa Sahara a bakin Buzaye ta iso mana da "ta" a goshi. Kati kuma ta hannun Turawan Ingila ya zo, ga kartar da ake bugawa a gindin bishiya, duk uwarsu ɗaya.

Na miƙa mata katin, ta miƙo min 'yar takardar shaida. Na ninke ta na sa a aljihu, muka fita neman motar da za ta mai da mu masauki.