Godiya bayan kare kundina a kan wuyan hannun ƙadangare

Alhamdu lillahi, an gama. Jiya na tsaya gaban malamai na kare kundin, suka karɓa da 'yan gyare-gyare. Har yanzu jikina bai dawo daidai ba, barcin ma guntu-guntu yake zuwa, amma na ce ba zan ƙara kwana ban yi godiya ba. Kun san yadda aka faro da yadda aka yi ta jan ƙafa, ba sai na maimaita ba.

Dare ɗaya nake so in faɗa muku, domin shi ne ya tsaya mini a rai.

Mai son ganin ƙasusuwan wuyan hannun ƙadangare sai ya rina ƙashi da jan rini, guringuntsi da shuɗi, sannan ya jiƙa hannun a ruwan sinadari har naman ya zama garai-garai kamar gilashi. Aiki ne na makonni. Hannun hawainiya, wadda ita ma dangin ƙadangare ce, guda ɗaya tak gare ni da ya rinu yadda nake so, kuma a kansa babi na huɗu ya dogara. Ni da kaina na haɗa ruwan ya fi ƙarfin yadda ya kamata, na bar hannun a ciki ya kwana biyu. Da na buɗe kwalbar sai na ga hannun ya saki, ƙananan ƙasusuwan nan da ba su kai kan allura ba sun watse a gindin kwalba. Ban yi kuka ba. Zama na yi a ƙasa, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata.

Baba mai kula da ɗakin gwaje-gwaje ya riga ya ɗauki makullansa zai tafi. Ya leƙo ya gan ni, ya ajiye makullan a kan tebur ya ce, "'Yata, tashi ki kunna fitilar madubin ƙara girman nan, ba a rasa ƙashi a cikin kwalba." Ya zauna da ɗan hantsaki yana tsamo su ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a kan faranti mai gilisarin, ni kuma ina duba zanen da na yi tun farko ina faɗa masa mazaunin kowanne. Hannunsa na ɗan rawa saboda shekaru, sai ya riƙa tallafe wuyan hannun dama da na hagu. Har muka gama bai tambaye ni yadda aka yi na yi kuskuren ba. Ana cewa damo sarkin haƙuri, to ni a jikin mutum na ga haƙurin. Baba, na san ba ka son a ambace ka, ka yafe mini. Allah Ya haskaka maka kabarinka yadda ka haskaka mini daren nan, Ya ba ka zuri'a mai jin ƙanka, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

A wurin karewar, malamin da aka gayyato daga waje ya yi mini tambayar da na fi tsoro: in dai ƙadangare na hawa bango da bishiya, me ya sa nake cewa yawancinsu ba sa iya damƙa? Na ce masa hawa daban, damƙa daban. Mai hawa bango farcensa yake kafawa. Damƙa kuwa sai tafin hannu ya lanƙwashe ya zagaye reshe. A ƙadangaru da yawa jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsu suna haɗuwa a faifai guda a tsakiyar tafi, a cikinsa kuma akwai wani ƙashi mai faɗi, ɗan'uwan ƙoƙon gwiwarmu. Shi ke sa tafin ya sandare, yatsun biyar su motsa tare. Wannan ya dace da mai gudu a ƙasa, amma siririn reshe ya fi ƙarfinsa. Masaniyar Ajantina Virginia Abdala da abokan aikinta sun nuna haka a 2009: inda ƙashin nan ya ƙanƙance ko ya ɓace, kamar a wasu mazauna bishiya da kuma tsaka, tafin na samun damar naɗewa. Sannan na ɗora hoton hannun hawainiyar nan da Baba ya ceto. Yatsu uku a haɗe ta ciki, biyu ta waje, kamar awartaki, a ƙafar baya kuma biyu ciki uku waje, ga wuyan hannu mai juyawa kamar ƙwallo a cikin ƙoƙo. Malamin ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya gyaɗa kai ya wuce tambaya ta gaba. A lokacin ne na ji numfashina ya dawo.

Malamina da ya duba aikin, wanda ya mayar mini da babi na biyu sau uku har na yi fushi a ɓoye, yau na gane gatan da ya yi mini. Allah Ya ƙara masa ɗaukaka. Umma, ke da ba ki taɓa son ganin kwalaben nan ba amma kullum sai kin tambaye ni ya jikin hawainiyata, Allah Ya ja kwananki, Ya ba ni ikon kyautata miki. Maigidana da ƙanwata da suka riƙe yara watanni, ba ni da bakin gode muku. Abokan karatuna da suka ba ni aron hotunan tsaka da na damo, Allah Ya kawo ranar taku da sauƙi.

Akwai 'yan'uwa na jini da na aika wa saƙo tun da sauran mako biyu, na kuma sake tunatarwa. Na yi ta waigen ƙofa ko zan ga fuska ɗaya. Wasunsu ne dama suka riƙa tambaya wai duk ilimin duniya sai na ƙadangare. Ban riƙe kowa ba, amma na ji zafin kujerun nan da suka zauna babu kowa.

Waɗanda suka zo, da waɗanda suka kira, da waɗanda suka yi addu'a daga nesa ban ma sani ba, Allah Ya biya muku buƙatunku, Ya yaye muku abin da ya dame ku, Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu. Masu neman hotunan ƙasusuwan ku ɗan ƙara mini haƙuri, sai na miƙa gyaran zan tura muku. Kwalbar kuma na bar wa Baba, ya ce zai ajiye ta inda sabbin ɗalibai za su gani.